Ba a Ajiye Vina a Ƙasa

Kurla, Bombay
Yuni, 1988

Zuwa ga yayata, Akka Shevanta,

Ina taɓa ƙafafunki, ina kuma gaishe da mijinki, Bhauji Kondiba. Mu nan lafiya. Matata Sulochana tana gaishe ki, gwiwarta ta yi sauƙi. Damina ta sauka, titinmu ya koma kogi kamar yadda ya saba.

Takardarki ta iso. Kafin in ba ki amsa, bari in tuna miki wanda kike rubuta wa, don na lura har yanzu Timba mai yawo ba wando kike gani.

Na bar Limbgaon da takardar aji goma da riga biyu. Ban san kowa a Bombay ba. Na kwana a tashar jirgin ƙasa ta Dadar, takalmina ne matashina don kada a ɗauke. Na yi dakon rodi har gashin tsakar kaina ya zube, bai kuma sake fitowa ba. Walda ba wanda ya koya mini. Da gefen ido na ɗauke ta ina riƙe wa wani ƙarfe, idanuna suna ta zubar ruwa. Yau ga shagona, ga mutanen da ke ci a ƙarƙashina. Ki bi titi daga Chembur har Thane, duk ƙofar ƙarfen da kika ga ta tsaya tsaf ba ta karkace ba, ki duba gindinta, za ki ga haruffan sunana. Na sayi gida a bene. Na aurar da 'yata Mangal ga injiniya, ɗana Prakash yana kwaleji. Ina da mota, ina da direba. Ba kawu, ba ubangida, ba gado. Ko rabon Baba na gona ban taɓa ba, na bar muku kuna nomawa.

To, yanzu kin ce in zo Makon Suna a watan Agusta in karɓi tsayuwar gidanmu. Ban manta da abin ba, Akka. Mako guda ana kiran sunan abin bautarmu Vitthal a haikali ba tsayawa, vina, molon nan na ibada, tana rataye a wuyan mutum, yana tsaye yana kaɗa tsirkiyarta, ba ya zama, ba ya ajiye ta, sai wani ya zo ya taɓa ƙafarsa ya karɓa. Kowane gida da lokacinsa, namu ranar Alhamis daga tsakar rana. Kakanmu ya tsaya, babanki ya tsaya, ɗan'uwansa Babana ya tsaya. Da suka ƙare, Bhauji ya riƙe mana, tun da shi ya tare a gidan. Kin ce bana jikinsa ba daɗi, dattawa kuma sun ce suruki amana kawai ya riƙe, in babu jinin Shelke sai a miƙa wa gidan Jadhav.

Ni na gane inda maganar ta dosa. Haikalin ya tsufa, dattawa suna jin nauyin tunkarata kai tsaye, shi ne suka biyo ta hannunki. Ba komai. Ki gaya musu zan ƙera wa haikali ƙofa da hannuna, irin wadda ko a babban haikalin Pandharpur sai an tsaya an kalle ta, in haɗa musu da lasifika. Amma in rufe shago in zo in yi tsaye da kayan kiɗa a wuya, wannan kam ba aikina ba ne. Bhauji ya sha magani ya tsaya yadda ya saba.

Ƙaninki,
Trimbak Shelke


Limbgaon
Yuli

Ram Krishna Hari.

Timba, albarka gare ka, da Sulochana, da yara. Mu nan ruwa ya yi jinkiri amma ya zo, an shuka. Saniya ta haihu, mace.

Na karanta wa Bhaujinka takardarka, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in tambaye ka, takalmin nan na Dadar bai gaji da shiga takarda ba? Ya ce kuma, haikalin da ba a taɓa rufe shi ba tun zamanin kakanku, me zai yi da ƙofa? Vitthal za ka kulle a ciki, ko mu za ka kulle a waje?

Ba wanda ya aiko ni. Da na ce jikinsa ba daɗi, sassauta maganar na yi. Ciwon daji ne a hanta. Mun je Solapur, likita ya duba hoton, ya ja ni gefe yana ta murza hannu. Sai Bhaujinka ya ɗaga murya daga kan gado, ya ce, "Likita, ni ne mai hantar, ita abinci kawai take dafa mata. Zo ka gaya mini." Likita ya je ya gaya masa. Ya ce, "To. Barkono fa?" Likita ya ce a daina. Ya ce, "In na daina, zan ga girbin dawa?" Likita ya sunkuyar da kai. Ya ce mini, "Kin ji ko? Tashi mu je gida ki daka mini mai zafi."

Tun da muka dawo yana cin gurasar dawa da albasa, kaɗan dai. Da safe ya zauna gindin tulsi, tsironmu mai tsarki, yana kiran Suna, da yamma abokansa su zo da kugensu na tagulla su yi ta waƙa. Ya kai Sampat Jadhav gona ya nuna masa inda ruwa ke kwanciya, don shi zai taya ni noma. Ni ce mai kuka a madafa. Ya kama ni rannan, ya ce, "Ke, mutumin da ya ƙare ƙafarsa yana takawa zuwa Pandharpur kowace shekara, yau an ce za a aiko masa da abin hawa har gida, shi ne za ki yi wa kuka?"

Abu ɗaya ne ya rage masa. Ya ce tsayuwar nan amanar babana ce, ba ya so ta faɗa gidan Jadhav daga hannunsa. Yana so ya cire ta daga wuyansa ya sa a wuyan mai ita. Maganar ke nan, ba wata a bayanta.

Yayarka,
Shevanta


Kurla
Yuli

Akka,

Ina taɓa ƙafafunki. Yara lafiya, Prakash ya ci jarrabawarsa.

Mutumin da ke cin barkono, yana waƙa, yana zuwa gona, ba mai mutuwa ba ne. Likitocin Solapur me suka sani? Ki sa shi a jirgi ki kawo mini shi nan, in kai shi wurin manya su duba. Komai a wuyana.

Yanzu zan gaya miki abin da ko Prakash bai sani ba, kada kuma ya wuce ke. A watan Maris na sunkuya zan ɗaga ƙarfe a shago, sai na ji kamar an ɗora mini maƙera a ƙirji. Likita ya ce hanyoyin jinin zuciyata sun toshe, sai an buɗe ƙirji an yi aiki. Buɗewa fa, Akka. Ni da nake yanka ƙarfe kullum, na san abin da zarto yake yi. Na ce masa zan yi tunani, har yau tunanin nake.

Akwai Fernandes, mai fenti, shagonsa na jikin nawa. Muna shan shayi yana ba ni labarin surukarsa, sai ya yi shiru. Na ce, "Ƙarasa mana, sai ta ce me?" Ashe ya mutu, kofin yana hannunsa bai ma zube ba. Tun daga ranar, in an zo wucewa da gawa sai in ja ƙofar shago. Na hana direba bin titin da ya ratsa ta wurin ƙona gawa, gara mu zaga. Ƙwayar maganin da ake sawa a ƙarƙashin harshe tana aljihuna, hannuna kullum yana kanta. Ba na zuwa inda mota ba za ta kai ni asibiti nan da nan ba. Ke kuma kin san Limbgaon da damina, kafin a fita daga taɓo an yi rabin yini.

Ban taɓa jin tsoron ɗan Adam ba. 'Yan daban Kurla sun zo mini da wuƙa suna neman na goro, na kore su da rodi. Amma wannan abin ba shi da kwalar rigar da zan cafka. In na faɗi, shago ya faɗi, gidan nan ya faɗi, don duk ni kaɗai na ɗauke su.

Batun Bhauji kuwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ko dai bai fahimci likita ba, ko kuwa jarumta yake yi miki don kada ki karaya. Ba mutumin da za a gaya wa haka ya tambayi barkono. Ba a yi shi ba.

Ba zan iya zuwa ba. Ki fahimce ni.

Trimbak


Kurla
Farkon Agusta

Akka,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Shiru. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙu a bakin shago, har ya fara yi mini dariya. In maganata a kan Bhauji ce ta ɓata miki, ki faɗa mini a fili, ba ki saba ɓoye mini zagi ba. In kuwa don na ce ba zan zo ba ne kika yanke ni, to ki sani na buɗe miki cikina yadda ban taɓa buɗe wa kowa ba, kika saka mini da shiru. Ko layi biyu ne ki rubuto. Yana nan dai ko?

Trimbak


Limbgaon
Agusta

Ram Krishna Hari.

Timba, albarka. Yana nan. Ba fushi na yi ba, hannuna ne bai samu alƙalami ba. Ya faɗi a bakin rijiya, tun daga nan yana kwance. Idanunsa sun yi rawaya, ruwan shinkafa kawai yake sha.

Na karanta masa takardarka duka, har batun zuciyar. Ka ce kada ya wuce ni, to ni da shi ba a wucewa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce in rubuta maka haka, ina rubutawa yana faɗa:

"Timba, gaskiyarka, na ji tsoro. A motar dawowa daga Solapur na jiƙe da gumi. Sai na kama kiran Suna, don ba ni da wani abin kamawa. Har yanzu tsoron yana zuwa. Amma in ya tarar da gida cike da waƙa, sai ya zauna a bakin ƙofa, ba ya samun wurin shimfiɗa tabarma. Kada ka taso da ciwon zuciya saboda ni. Vitthal ba ya karɓar abin da aka ƙwato."

Ya ce ranar Alhamis a ɗauke shi a gadon igiya a kai shi haikali, zai riƙe vina iya inda ƙafarsa ta kai. In ta gaza, Jadhav su karɓa, shi ke nan. Na ce masa ko tashi zaune ba ya iyawa. Ya ce, "Ai ba zama aka ce in yi ba, tsayuwa ce."

Ban ce ka zo ba. Ban ce kada ka zo ba.

Shevanta


Kurla
Ƙarshen Agusta

Akka,

Ina taɓa ƙafafunki da na Bhauji. Mun dawo Kurla lafiya, sai dai motar ta sha taɓon Limbgaon har wuya. Ki gaya wa Bhauji Sulochana ta ji daɗin gyaɗar da ya aiko mata.

A bakin mota kin tambaye ni me ya faru bayan kun koma da shi gida, na ce ba komai. Ba a gaban direba zan yi wannan magana ba. Ga ta.

Ki sani, ba vina na zo ɗauka ba. Na zo in ga Bhauji, in taɓa ƙafarsa, in juya. Har na ce wa direba kada ya yi nisa, ya juya motar ta fuskanci hanya. A bakin haikali Sampat ya tare ni. Ya ce, "Kai, ga mai ƙofofin Bombay! Shigo, tamu a buɗe take, ba sai ka ƙwanƙwasa ba." Na ce, "Sampat, haƙora biyu suka rage maka, har yanzu cizon mutane kake da su?" Ruwa ya jiƙa mini kwat, sai na cire na rataye a ƙusa kusa da takalma. Na samu wuri can baya na zauna.

Kin ga abin da na gani. Kin ga yadda aka sauke gadon, mutum biyu suka miƙar da shi, aka sa masa igiyar vina a wuya. Akka, na yi aiki da ƙarfe duk rayuwata, na san abin da zai ɗauki nauyi da abin da ba zai ɗauka ba. Jikin nan bai isa ya ɗauki ko rigarsa ba. Amma ya ce su sake shi, suka sake shi, ya tsaya. Ya taɓa tsirkiya, murya ta fito, siririya amma ba ta rawa. Fuskarsa kamar ta mutumin da aka ce masa baƙonsa ya iso tasha. A nan na san na yi kuskuren karanta takardarki. Mai yin jarumta yana satar kallon mutane ya ga ko sun gani. Shi ko sau ɗaya bai kalli kowa ba.

Da gwiwoyinsa suka fara lanƙwasa, Sampat ya yunƙura. Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ji bakina yana cewa, "Zauna, Jadhav, masu gidan ba su ƙare ba." Na taɓa ƙafar Bhauji. Da yana sa mini igiyar ya matso da bakinsa kunnena, wannan ne ba ki ji ba. Ya ce, "Cire agogon nan, mai sanƙo. Ba a duba lokaci, ba a ajiye ta, ba a kiran mai karɓa. Shi ya san lokacinsa, zai zo." Ya zare agogon da kansa ya tafi da shi. Yana wurinku, ki ajiye mini.

Kuka fita da shi. Na tsaya, hannu ɗaya a tsirkiya, ɗaya yana kaɗa 'yan katakon da ake riƙe kiɗa da su, bakina yana bin masu kuge. Da farko kunya kawai nake ji, ina tunanin da ma'aikatana za su gan ni. Can ƙafafuna suka fara zafi. Can kuma abin ya zo. Maƙerar nan ta sauka a ƙirjina, zafi ya bi hannun hagu, gumi ya keto. Na kai tunanina aljihu, sai na tuna ƙwayar tana cikin kwat, kwat yana kan ƙusa, ƙusa tana can bakin ƙofa bayan mutane. Hannuwana biyu duk a cike.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ibada ce ta riƙe ni a wannan lokacin ba. Girman kai ne. A ce ɗan Shelke ya zo daga Bombay da mota ya yar da vina a gaban Jadhav? Na ce gara in mutu. Sai na ji ashe mutuwar ce zan yi, yanzu, a nan, ba likita, ba Sulochana, kamar Fernandes da kofinsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗaga murya na kira Sunan da ƙarfi, ba don komai ba sai don kada in yi ihu.

Ina cikin haka na ji numfashi a bayana. Na ɗan waiga. Sampat ne a dama, da tsoho Haribhau a hagu. Sun matso sun tsaya daf da ni, ba su daina waƙa ba, ba su kalle ni ba, hannuwansu dai suna buɗe a ƙasan vina. Sun ga launin fuskata. Ba su tsayar da kiɗa ba, ba su kuma ƙwace ta ba. Sun dai shirya. In na faɗi, vina ba za ta taɓa ƙasa ba, kuma ko kalma ɗaya ta waƙar ba za ta ɓace ba.

Da wani ya ba ni labarin nan a Bombay, da na ce wulaƙanci ne, mutum yana mutuwa ana kula da katako. Amma, Akka, wani irin sanyi na ji. Tun ranar da na sauka a Dadar nake ɗauke da komai a wuyana, ina ganin in na saki sama za ta faɗo. Ashe abin da ke wuyana an riƙe shi kafin ni, za a riƙe shi bayana, ni lokacina kawai aka ba ni. Na dubi Vitthal, baƙi wuluk, tsaye a kan tubalinsa, hannuwa a ƙugu. Tun ina yaro nake ganinsa, ban taɓa lura ba cewa tsayuwar mai jira ce. Na ce masa a raina, to, ga ni, ga ka. In kai ne mai karɓa, zo ka karɓa. In ba yau ba ne, bar ni in ƙarasa.

Zafin bai tafi nan take ba. Ya zauna, ni ma na tsaya, muka yi ta waƙa tare, har ya gaji ya sassauta. Ban san tsawon lokacin ba, ba ni da agogo. Sai dai na ji hannu a kan ƙafata, na duba, mutumin gidan Mane ne, lokacinsu ya yi. Da ya cire igiyar daga wuyana, na rantse miki, sai da na ji kamar in ce ya ƙara mini kaɗan.

A waje Sampat ya miƙo mini kwat ɗina, ya ce, "Ka tsaya, ba laifi. Sai dai muryar, kamar ana jan ƙofar da ba mai." Na ce, "Baɗi ka zo da auduga."

Ki karanta wa Bhauji wannan. Ki ce masa na janye maganata. An yi irin mutumin, na gan shi da idona.

Trimbak


Limbgaon
Satumba

Ram Krishna Hari.

Timba, albarka gare ku duka. Ni lafiyata lau, kada ka damu. Bhaujinka ya tafi ranar Litinin da hantsi.

Takardarka ta same shi. Da na zo wurin muryar ƙofa, ya yi dariyar da ta fi ƙarfinsa. Ya ce, "Ashe Sampat ya ji abin da na sha ji."

Ranar da safe ya ce a sauke shi ƙasa, ya gaji da gado. Na shafe wurin, muka shimfiɗa masa bargo a gindin tulsi. Ya ce a kira mutanensa. Suka zo da kuge da ganga, suka zauna kewaye da shi. Ina ba shi ruwa da cokali ya ce mini, "Jan bijimin nan bai sha ba tun jiya, ke kina nan kina ta fama da ni." Aka fara waƙa. Can mai ganga ya yi sauri, kuka ya sa hannunsa ya ruɗe. Bhaujinka ya buɗe ido ya ce, "Sannu-sannu, Ganpat, ina za ka? Ni ne mai tafiya, ba kai ba." Suka yi dariya da hawaye, suka gyara. Leɓensa yana bin su. Na sa masa ganyen tulsi a baki. Ban san a wace kalma ya tsaya ba, don su ba su tsaya ba. Da waƙa aka kai shi bakin rafi, garin nan kaf ya bi.

Na je in aiko maka saƙon waya, na tarar layin gidan waya ya lalace da ruwa, shi ya sa ba ka ji ba. Kada ka taso yanzu, komai an yi.

Saura magana ɗaya. Dattawa sun zauna jiya a kan tsayuwar baɗi, suna rubuta sunaye a bangon haikali. Da suka zo layin Alhamis suka goge na Bhaujinka, suka bar wurin fari. Haribhau ya ga abin da ya same ka rannan, ya ce mutumin da ke jiran aikin zuciya ba a ɗaura masa alkawari, a bari a ga yadda ta kaya. Ba da mugunta ya faɗa ba. Na ce zan tambaye ka.

Shevanta


Kurla
Satumba

Akka,

Ina taɓa ƙafafunki. Sulochana ta yi kuka, ta ce in gaya miki ɗakin Mangal yana nan ba kowa, duk lokacin da kika so.

Na karanta takardarki a shago. Da na gama na fita na tsaya a bakin titi. Na san manyan mutane a garin nan, masu benaye, masu masaƙu, na yi musu ƙofofi, na ga yadda suke in ciwo ya taɓa su. Ban ga wanda ya kama ƙafar Bhauji ba. Manomi ne da bai taɓa mallakar takalmin kirki ba, amma ya fita daga duniya kamar mai fita daga gidan abokinsa, yana gyara wa mai ganga hannu.

Na je wurin likita shekaranjiya, na ce masa ya wasa zartonsa. An sa aikin wata mai zuwa. Na zaunar da Prakash na gaya masa komai, na nuna masa inda ake sayen ƙarfe da waɗanda ba a yarda da awonsu. Tsoron yana zuwa, ba zan ce ba ya zuwa ba. In ya zo ina kiran Suna da wannan muryar tawa, ma'aikata suna kallon juna. Su kalla.

Yanzu ki je wurin Haribhau ki gaya masa, da ladabi amma ki gaya masa. Ban yarda a bar wurin nan fari ba. Wa ya taɓa tsayawa da vina yana da tabbacin zai kai ƙarshen lokacinsa? Bhauji yana da shi ne da aka sa masa igiya? In na tashi daga gadon likita, zan zo in tsaya. In ban tashi ba, akwai masu buɗe hannu a bayana, na gan su, wannan ba damuwata ba ce kuma. Amma ba za a jira a ga ko zan rayu kafin a ƙirga ni cikin masu tsayuwa ba.

A rubuta yanzu, kafin aikin, ba bayansa ba. Kada a sa "gidan Shelke", kada a sa "na Bombay". Ki tsaya a kansu har sai kin gani da idonki, da manyan haruffa, a layin Alhamis: Trimbak Bapurao Shelke.

Ƙaninki,
Trimbak